Ba Za A Rufe

Ina feraye dankali muryar ta shigo min kicin. Ban ma san na yanke yatsa ba sai da na ga ruwan roba ya yi ja.

"'Yan'uwana ma'aikata, ni ma jikan ma'aikaci ne…"

Shekara goma sha biyu rabona da muryar nan, amma ko a kabari aka kunna min ita zan gane ta. Mai laushi, ba gaggawa, irin ta likitan da zai gaya maka mummunan labari.

"Solène! Kashe abin nan!"

'Yata tana ƙarshen tebur, kwamfuta a gabanta, ga takardu, ga alƙaluma masu launi. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Aikin makaranta ne, Mama."

"Wace makarantar? Ta shaiɗan?"

"Madam Carpentier ce ta ba ni. Kowa an ba shi jawabi ɗaya a kan dunƙulewar duniya, ya fito da dabarun maganar da ke ciki. Juma'ar sama za mu gabatar a babban zaure, har da iyaye. Ni wannan ne ya faɗo min. Yana ma cikin littafinmu, shafi na ɗari da sha biyu."

"A littafi? An sa wannan a littafi?"

"An ce misali ne na jawabi mai kyau. Wai shi ya kwantar da tarzoma."

Na tsotse yatsana, na leƙa ta taga. Régis, mijina, yana can ƙarshen lambu a ɗakin tantabarunsa, ya juya mana baya yana kankare kashinsu. Ita Madam Carpentier ba laifinta ba ne. Yarinya ce ƙarama, daga Lyon aka turo ta a watan Satumba, ba ta san wa ya mutu wa ya yi saura a garin nan ba.

"Sa abin kunne," na ce. "Kuma kada ubanki ya ji. Kin ji ni?"

"Ai yana wurin ranar. Da ma zan tambaye shi…"

"Ki tambayi bango. Kwashe takardun nan, zan zuba mai a wuta."

* * *

Masana'antar tangaran ce ke ciyar da garinmu tun zamanin kakana. Faranti, kofuna, kwanukan miya masu shuɗin fure a baki. Mutum ɗari shida da arba'in. Régis shi ne wakilin ƙungiyar ƙwadago, kuma a lokacin in ya shiga shagon burodi sai an ce ya wuce gaba.

Da labari ya fito cewa masu kamfanin za su kwashe injuna su kai wata ƙasa inda ladan ma'aikaci bai kai kuɗin taba ba, mazanmu suka datse ƙofa da sarƙa. Muddin injunan suna ciki, wuƙar tana hannunmu. Kwana arba'in da ɗaya. Su suna ƙona katako a bakin ƙofa, mu mata muna dafa miyar albasa a manyan tukwane. Solène tana da shekara biyar, tana riƙe da gefen siket ɗina.

Rana ta arba'in da ɗaya minista ya zo. Ya tuɓe kwat, ya naɗe hannun riga, ya hau bayan tirela ya yi magana ta minti ashirin. Yana sauka Régis ya hau ganga ya ce, "Kun ji da kunnenku. Ya ce ba za a rufe ba. A kwance sarƙa!" Washegari jarida ta buga da manyan baƙaƙe: BA ZA A RUFE BA.

Bayan wata takwas manyan motoci suka zo da rana tsaka suka kwashe komai, har agogon bango.

Abin da ya biyo baya ba sai na ja shi ba. Shaguna suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Lucien, abokin Régis tun suna 'yan makaranta, an same shi a garejinsa ya kashe kansa cikin damina ta biyu. Fada ya rufa asiri ya yi masa sallar jana'iza a coci, Allah ya saka masa. Ni na samu aikin goge-goge a gidan tsofaffi. Régis ya yi ta ɗaukar kwalaye a rumbunan kaya na bakin babbar hanya, wata uku nan, wata biyu can, har ranar da wani kwali ya fashe a hannunsa ya ga faranti masu shuɗin fure, da sunan wata ƙasa a gindinsu. Ya ajiye safar hannu ya taho gida a ƙafa.

Mutanen gari suka sa masa suna. In ya wuce gaban mashayar Dédé, wanda da yake tura masa amalanke a ɗakin gasa tangaran, sai ka ji an ɗaga murya: "Ba-za-a-rufe! Zo ka gaya wa matata haka, ta rufe min ƙofa jiya!" A kwashe da dariya. Shi kuwa amsarsa ɗaya ce, a mashaya, a gida, a gaban madubi in yana aski: "Ni ban yi wa kowa ƙarya ba. Mutumin ya yi alkawari a gaban mutum dubu, ya karya. Ƙarya aka yi min."

Ni na san mijina. Ba abinci ke riƙe da shi ba, ba tantabaru ba, ba ni ba. Maganar nan ce sandarsa. Da ita yake tashi daga gado.

* * *

Ranar Asabar da safe, Régis ya tafi da kwandon tantabaru wurin sakinsu, Solène ta tare ni ina guga.

"Mama, zauna minti biyar."

"Ga ni a tsaye, kunnena na aiki."

Ta shimfiɗa takardun a kan rigar ubanta da nake gogewa. Duk ta bi su da launi, kamar zanen 'yan nazire.

"Kin ga ruwan ɗorawa? Duk inda ya ce 'mu' ne. Sau talatin da ɗaya. A farko 'mu' ɗin shi da su Baba ne: mu jikokin ma'aikata, mu masu tashi da asuba. A tsakiya ya koma ƙasa baki ɗaya: mu ba ma tsoron duniya. Amma dubi shafin ƙarshe."

Na duba. Babu ruwan ɗorawa ko ɗigo.

"Ya fice daga cikin 'mu' ba wanda ya ga fitarsa. Saura 'ku'. Ku ne za ku koyi sabuwar sana'a, ku ne za ku yi haƙuri. Shi ya riga ya shiga mota."

"To. Kore fa?"

"Kore shi ne 'a'. Za a duba. An ɗauki mataki. Ba za a manta ba. Wa zai duba, Mama? Wa ya ɗauka?"

"Gwamnati mana."

"Bai ce ba. In kin je kama wanda ya yi alkawarin, iska za ki damƙa. Ga kuma nan, inda ya ce dunƙulewar duniya kamar cikar teku ce, ba mai tare ta da tafin hannu. Kin san me ya sa ya zaɓi teku? Teku ba ta da ofis. Ba ta da suna, ba ta sa hannu a takarda, ba a kai ta kotu. Alhali mutum bakwai ne suka zauna a ɗaki suka yanke."

Gaskiya ta burge ni. Ni da na bar makaranta ina da sha huɗu, ga abin da na haifa. Na ce, "Kai, 'yar nan, bakinki ya fi na Fada. Ɗauke, rigar za ta ƙone."

Ba ta ɗauke ba. Ta ɗora yatsa a kan layi ɗaya tak da ta shafa wa ruwan hoda.

"Karanta wannan."

Ban karanta ba. Na san abin da ke wurin.

Ta jawo kwamfutar ta kunna. Ga ƙofar masana'anta, ga hayaƙi, ga kawuna. Ministan ya ɗaga hannu ɗaya, ya sassauta murya: "Ina gaya muku yau, a gaban ƙofar nan, ba za a rufe…" Sai ya tsaya. Ya kalli taron. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Can gaba wani mai shuɗiyar jaket, gashinsa baƙi wuluk, ya ɗaga hannuwa sama da kansa ya buga tafi. Shi kaɗai, sau biyu. Sai wurin ya ɓarke. Ihu, fito, ana buga ganguna. Bakin ministan yana ci gaba da motsi, ba ka jin komai.

"Ga abin da ya ƙarasa," in ji Solène. "Yana cikin rubutun da ofishinsa ya fitar. 'Ba za a rufe ƙofar gobe a fuskar garin nan ba.' Ƙofar gobe, Mama. Bai taɓa cewa masana'anta ba. Ya bar rami na daƙiƙa huɗu, ya jira wani ya faɗa. Mai shuɗiyar jaket ɗin nan…"

"Na san jaket ɗin. Ni na saya."

Na zare wayar dutsen guga. Na ce, "Ki cire wannan."

"Shi ne zuciyar aikin gaba ɗaya!"

"Ki yi da 'mu' ɗinki da tekunki, sun isa. Cikakken maki kike so ko uba?"

"Mama, wannan ai wanke shi zai yi! Tarko aka ɗana masa da gangan. Tun ina aji ɗaya ake kirana 'yar Ba-za-a-rufe, kin sani? Ina so su gani da idonsu yadda aka yi."

"Su ga me? Su ga wanda ya fara tafi? Ke yarinya ce. Wanda aka yi wa ƙarya yana iya ɗaga kai a titi. Wanda ya ji abin da ba a faɗa ba, ya kwance sarƙa a kan haka, mutum ɗari shida suka bi shi, wannan ina zai sa kansa?"

Ta tsaya tana kallona. Idonta irin na ubanta ne, ba ya ƙiftawa in ya kama abu.

"Ba ki yi mamaki ba," ta ce. "Kin sani."

Na naɗe rigar ban gama goge hannunta ba.

Ranar jawabin ina can baya wurin tukwane, a gindin lasifika. Inda nake tafin bai kai ƙarfin muryar ba. Na ji "ƙofar gobe" sarai. Na ɗauka adon magana ne irin na masu ilimi, kamar furen bakin faranti. Na ci gaba da zuba miya. Sai ranar da motoci suka zo maganar ta dawo min, ina shanya. Daga nan na haɗiye ta. Ko a wurin furta zunubi gaban Fada ban taɓa faɗa ba, don ban san sunan zunubin ba.

* * *

Lahadi na tafi coci ni kaɗai kamar kullum. Na kunna kyandir a gaban Uwa Maryamu, na ce, "Ke ma uwa ce, kin zauna da miji. Ki sa yarinyar nan ta ji magana. Ban roƙe ki komai ba tun aikin gwiwata." Na karɓi jibi, gurasar nan mai tsarki, na biya na sayi burodi, na dawo.

Tun daga ƙofa na ji gidan shiru. Régis yana zaune a teburin kicin, tabarau a hanci, takardun Solène a gabansa. Ita tana tsaye jikin firiji, fuskarta ta yi fari fat.

"Ba ni na ba shi ba," ta ce. "A jakata ya gani."

"Almakashi nake nema," in ji shi. "Ashe ana karatun ministana a gidan nan ba a gayyace ni ba. Ni da nake wurin! Ai ni ne littafin. Amma akwai kuskure a takardarki, 'yar tsuntsuwa. Wannan layin mai ruwan hoda, ba haka ya faɗa ba. Gyara suka yi daga baya, halinsu ne."

"Haka ne," na yi maza na ce. "Gyara ne. Tashi a sa tebur, kaza na cikin murhu."

"Kunna min," ya ce wa Solène.

"Régis, abinci zai huce."

"Odile, ko dahuwa bai yi ba. Kunna."

Ta kunna. Ya matso da kujera har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Da ya ga kansa ya ɗan yi dariya. "Dubi gashi! Odile, kin ga abin da kika aura?" Aka zo wurin. Ministan ya tsaya. Mai shuɗiyar jaket ya ɗaga hannuwa.

"Mayar."

Ta mayar.

"Kashe sautin. Bakinsa nake son gani."

Muka kalli bakin mutumin yana motsi ba murya. Régis yana bin sa da nasa leɓen, yatsansa a kan layin ruwan hoda. Ƙo-far go-be. Kalma bayan kalma suka zauna daram.

"Mayar."

A karo na uku ba ministan yake kallo ba. Ƙirga yake a kan tebur da ɗan yatsa. Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu.

"Jira yake," ya ce a hankali. "Dubi idonsa. Ni yake kallo. An gaya masa wane ne wakili." Ya cire tabarau. "Wannan abin yana da suna a littafinku?"

"Ana ce masa shirun jan rai, Baba."

"Shirun jan rai. Har suna gare shi." Ya gyaɗa kai. "Da na bari ya kai ƙarshe. Numfashi ɗaya. Lucien yana gefena, ga kafaɗarsa nan. Bayan nan ya ja ni gefe ya ce, Régis, mu jira mu gani a rubuce. Na ce masa, kai dai kurma ne."

Man kaza yana ƙara a murhu.

Sai ya juyo gare ni. "Ke ina kike tsaye ranar?"

"Wurin miya."

"Gindin lasifika ke nan."

"Eh."

"Kin ji?"

Da ranar Talata ce da na yi masa ƙarya, Allah ya gafarta min, kuma da na yi ta da kyau. Amma ko awa ɗaya ban yi da karɓar jibi ba. Ɗanɗanonsa yana kan harshena.

"Na ji."

"Shekara goma sha biyu ina cewa ƙarya aka yi min a teburin nan, kina zuba min kofi."

"Ina zuba maka kofi."

Na jira ya yi ihu, ya fasa faranti, ai muna da su da yawa. Bai yi ba. Ya tattara takardun, ya daidaita bakinsu a kan tebur kamar yadda yake yi wa takardun ƙungiya da, ya miƙa wa Solène.

"Uwarki ta ce ki cire, ko?"

Ta kalle ni.

"Kada ki cire ko waƙafi. Ki nuna musu hoton. In an tambaya wane ne wawan nan mai jaket, ki ce ubanki ne."

"Baba, ba wawa ba ne, dabara ce aka…"

"Na ji, tana da suna."

Ya fita lambu. Ban ji ya buɗe ɗakin tantabarun ba. Da na leƙa, yana tsaye a gaban ragar, hannu a aljihu, su kuma suna ta zarya suna jiran hatsi.

Daga ranar ban ƙara jin "ƙarya aka yi min" ba. Na yi shekaru ina roƙon Allah ya raba ni da jin maganar nan. Da ta tafi, ba abin da ya maye gurbinta. Yana aski shiru. Yana cin abinci shiru. Laraba na dawo daga aiki ƙarfe biyu na rana na same shi a gado da takalmi.

* * *

Ranar Juma'a shi ya riga ni shiryawa. Ya sa kwat ɗin da ya je jana'izar Lucien da ita, ba shi da wata.

Zauren ya cika. Rabin iyayen da kakannin nan tsofaffin ma'aikatan tangaran ne. Dédé yana layi biyu a bayanmu, jikarsa ajinsu ɗaya da Solène. Muna zama ya ce, "A'a, Ba-za-a-rufe an shigo makaranta! A bar ƙofa a buɗe, jama'a!" Régis bai waiwaya ba.

Yara huɗu suka yi nasu, ban fahimci rabi ba. Sai Madam Carpentier ta kira Solène.

Ta fito da 'yan takardunta a hannu. Da ta faɗi sunan jawabin, wurin ya yi tsit, har malamar ta ɗago tana dube-dube. Ta yi bayanin 'mu'. Ta yi bayanin 'a'. Da ta ce teku ba ta da ofis, wata tsohuwa a gaba ta ce, "Faɗa musu, 'yar nan!" Sai aka haska hoton a jikin bango, ƙato, kowa ya ga kansa da sauran gashi. Ta bar daƙiƙa huɗun suka wuce. Ta tsayar da hoton daidai inda hannuwan suke sama.

"Wannan mahaifina ne," ta ce. "Shi ya fara. Ga abin da tafin ya rufe."

Ta karanta layin har ƙarshe, a hankali. Na ji wani a baya ya ja numfashi ta haƙora. Dédé ya ƙura wa Régis ido. Ban san ko tausayi ne ko sabon suna yake nema ba.

Ta yi 'yan maganganu kaɗan bayan nan, ta sauke takardun, ta yi shiru.

Malamar ce ta fara tafi, yara suka ɗauka, sannan manya. Har da masu miƙewa. Ni ina tafawa ina share hanci da bayan hannu. Solène ba malamar take kallo ba, layinmu take nema da ido.

Na juya. Régis ya ɗaga hannuwansa daidai ƙirji, a buɗe, tsakaninsu kamar faɗin faranti. Ya karkato da kunne wajen dandamalin.

"Tafa mata mana," na ce. "Kai take kallo."

"Ta gama?"

"Ta gama."

"Kin tabbata? Ba sauran magana?"

"Régis, ta gama."

Kafin ya yarda, tafin ya mutu. Mutane suka zauna, Solène ta sauka, Madam Carpentier ta kira sunan yaro na gaba. Hannuwansa suna nan a buɗe.